Karen da Ke Jan Keken Yaya

Yayana gurgu ne. Na faɗa tun da wuri don kada wani ya zo yana yi mini gyaran baki, shi kansa haka yake kiran kansa. Shan-inna ta kama shi yana ɗan shekara huɗu, ta shanye ƙafafu biyu, ta bar masa ƙirji da damatsa irin na 'yan kokawa. Baduku ne, a zauren gidanmu na Illela yake ɗinkin fata, takalma da jakunkuna da kuben wuƙa. Iyakar inda yake zuwa da kansa masallacin ƙofar gida, da jan gindi, da wasu katakai biyu a hannu. Duk inda ya wuce nan sai an goya shi. Ni nake goyon, kuma ba abin da ya tsana a duniya irin goyon nan. Ya taɓa gwada hawan jaki sau ɗaya, ba ƙafar da zai matse shi da ita, ya faɗo a gaban mata masu ɗibar ruwa, bai sake ba.

Ni a lokacin da jakuna biyu nake sana'a, ina kai ruwa da itace gidajen ma'aikata. Cikinsu akwai wani Bature likitan dabbobi da ke zaune a barikin bakin gari, yana yi wa shanun Fulani allura kafin su ƙetare iyaka. An ce daga wata ƙasa ya zo inda ruwa ke daskarewa rabin shekara. Da karensa ya zo. Ban taɓa ganin irinsa ba kafin nan, ban sake gani ba har yau. Gashi cunkus, fari da toka-toka, wutsiya a naɗe bisa baya, idanu shuɗaye, har mata ke cewa aljani ne. Ba ya haushi irin na karnukanmu, sai dai wani dogon kuka mai tayar da hankali.

Kullum muna fitowa sallar asuba sai mu ga Bature bisa kekensa, igiya ɗaure daga wuyan keken zuwa wata ragama da ke ƙirjin karen, kare na gudu yana jansa a hanyar Ƙonni, shi kuwa ko feda ba ya takawa. Mutane suka ce haukan Turawa iri-iri ne, ga wani sabo. Na tambayi kukunsa, ya ce mini a ƙasarsu aikin irin wannan kare ke nan, jan kaya da mutane bisa ƙanƙara, kuma in aka kwana biyu bai ja komai ba sai ya haukace, ya cinye kujerun gida. Na yi dariya na wuce da jakunana.

A shekarar da ta bi bayan samun 'yancin kai, wajen ƙarshen damina, ciwon shawara ya kama Baturen. Aka sa shi a mota aka yi Sakkwato da shi, daga can aka wuce da shi ƙasarsu. Ranar da na kai ruwa na tarar kuku yana ɗaure kayansa, kare a ɗaure jikin turke ba wanda ya tuna da shi. Kuku ya ce in ina so in kwashe, da shi da ragamar da tsohon keken da sarƙarsa ta tsinke. Ba don ina son kare ba na ɗauko shi. Kallona ya yi, ni kuma na kasa juya baya.

Inna na ganinmu ta ajiye muciya. Ta ce, “Wanga abu ba shi shiga gidana! Ka ji ko? Ko inuwarshi!” Sai na ɗaure shi a kangon bayan gida, ƙarƙashin dogon-yaro. Kwana uku yana kuka, unguwa ta hana ni sakat. Rana ta huɗu ya tsinke igiya, ya tone ƙarƙashin danga ya kashe kajin maƙwabta biyu. Nan maganar kuku ta faɗo mini. Da asuba na sa masa ragamarsa, na ɗaura igiya a ƙuguna, na ce to bismilla. Wallahi ban ƙarasa rufe baki ba na ji ni a ƙasa. Ya ja ni ta cikin ƙarangiya har bakin juji, masu fitowa masallaci suna riƙe da ciki. Daga baya na samo gungumen itace na ɗaura masa, yana ja ina bin sa da gudu. Ranar da duk ya ja gungumen nan, lafiya lau yake kwanciya, ko uffan ba ya cewa.

Yaya yana ƙofar zaure yana kallonmu kullum har aka yi kamar mako biyu. Wata safiya ya ce, “Kawo ragamar nan in gani.” Ya juya ta, ya bi ɗinkin da yatsa, ya ce wanda ya yi ta ya san aikinsa, nauyin duk a ƙirji yake sauka, ba ya taɓa maƙogwaro. Sai dai ta tsufa. Ya zauna ya ɗinka sabuwa da jar fatar akuya, ya yi mata shafi da auduga. Yana cikin gwada ta a jikin karen ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Shina iya jan mutum?”

Na ce, “Ai Bature yake ja.”

Ya ce, “Kuma Bature ya hi ni nauyi. Shina da ƙafafu.”

Haka keken Yaya ya samo asali. Muka cire ƙafafun tsohon keken Bature, maƙerin unguwarmu ya yi musu gindi, kafinta ya shimfiɗa katako a tsakani, aka fitar da gora biyu gaba inda kare zai shiga, da wata sanda a gefe da ake danna ƙasa da ita in ana son tsayawa. Abu ɗaya Yaya ya kafe a kansa: katakon ya sauko ƙasa sosai, kada ya wuce taƙi ɗaya, yadda zai ja jiki ya hau ba wanda ya ɗaga shi. Kafinta ya ce zai riƙa bugun tudu. Yaya ya ce ya buga.

Surutu kam an yi. Wasu suka ce Musulmi da zama bayan kare, har aka kai maganar gaban malamin unguwarmu. Malam ya zo da kansa ya duba, ya ce an yarda da karen farauta da na tsaron gona da na kiwo, wannan kuwa aikin ƙafa yake yi wa bawan Allah, a bar su. Ya ce dai a ware masa ƙwaryarsa. Daga ranar masu magana suka koma yi a bayan ido.

Wata guda ina gudu a gefensu riƙe da igiya. Yaya ya koya masa dama da hagu da tsaya, da Hausarmu, kare kuwa ya ɗauka fiye da jakunana da na shekara biyar ina fama da su. Yaya ya koyi sa masa ragama shi kaɗai, karen yana sunkuyo masa da kai. Da ƙaya ta soke shi sau biyu, Yaya ya ɗinka masa 'yan takalma huɗu na fata, abin dariya, yana tafiya yana ɗaga ƙafa kamar mai taka wuta kafin ya saba. Sai wata asuba, a cikin sanyi, mun kai bakin gari, Yaya ya ce, “Saki igiyar nan ka koma.” Na ce haba Yaya. Ya ce, “Mi na ce maka?” Na saki. Na tsaya ina kallonsu har suka ɓace mini.

Gonarmu ta hanyar Gidan Katta ya je. Duk rayuwarsa yana cin geron gonar nan bai taɓa ganinta ba. Ya dawo da hantsi, hula a karkace, yana shigowa ya fara yi mini faɗa: wai ashe haka nake noma, kunya a karkace, kara a zube ba a tara ba, iyakar gabas maƙwabci ya ci mana taki uku ina barci. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba. Inna tana bayan ƙyaure tana share ido da gefen zane.

Lokacin sanyin nan duka nasu ne. Yaya ya riƙa kai wa masu saye kayansu da kansa, har Lafani, har Darna. Ya je gaisuwar mutuwa, ya je duba mara lafiya, ya yi tsere da masinjan kwastan da kekensa na ƙarfe ya bar shi a baya yana zage-zage. Muryarsa ma ta canza. Mutumin da in yana magana sai ka matso, ya koma ana jin sallamarsa tun daga kan kwana. Har turare ya fara sawa, ban tambaye shi don wa ba.

Sai bazara ta shigo. Duk wanda ya san Illela a watannin nan ba sai na yi masa bayani ba, ƙarfe ba ya taɓuwa, jaki ma neman inuwa yake. Karen ya rage cin abinci. Ya haƙa rami a gindin dogon-yaro ya kwanta ciki, harshe waje, haƙarƙari na sama da ƙasa tun hantsi har la'asar. Gashi yana ta fita daga jikinsa curi-curi. Yaya ya rage fita, daga sallar asuba zuwa fitowar rana kawai, ya sa ina jiƙa buhu ina shimfiɗa masa. Da yamma karen yakan warware ya tashi yana wasa. Amma ni idona ba ya ganin yamman, rana kawai nake gani.

Ina da taurin kai, kowa ya sani, kuma na fi muni in ina ganin tausayi nake yi. Mu a wurinmu in zafi ya dami yaro, aski ake yi masa. Ciwon kai, aski. Zazzaɓi ya ƙi sauka, a kira wanzami. Ban ga dalilin da zai sa abin da ke yi wa ɗan Adam magani ya ƙi kare ba.

Na ce, “Yaya, dubi bawan Allah nan. Kai kana iya rufa da bargo a wannan wata?”

Ya ce, “Bari ruwa ya sauka, shina warwarewa.”

Na ce, “Kafin ruwa ya sauka mun binne shi. Aske shi za a yi.”

Ya ce, “Bature ya yi bazara biyu da shi bai aske shi ba.”

Na ce, “Bature ya fi ni sanin zafin garin ubana?”

Kwana huɗu ina bin sa da maganar nan, da safe, da rana, a kan tuwo. Har na ce masa son kansa ne, ya fi son kare ya yi kyau a gaban kekensa da ya rayu. Wannan maganar ita ta karya shi, na gani a fuskarsa, kuma ban janye ta ba.

Wanzami ya ƙi. Ya ce askar da yake taɓa kan malamai da ita? Sai na ɗauki almakashin Yaya na sayo reza. Karen bai yarda da ni ba, da na matso sai ya yi gurnani ya ja baya. Sai Yaya ya ja jiki ya zo ya zauna, ya kira shi. Karen ya zo ya ɗora kai bisa cinyarsa ya lumshe ido. Haka na yi aikina tun azahar har rana ta yi sanyi, Yaya na shafa masa kunne yana yi masa magana a hankali. Na bar kai da wutsiya kawai. Fatar da ta fito ja-ja ce, sirirya, irin ta ɗan ɓera sabon haihuwa. Gashin ya cika kwando biyu. Da na gama ya tashi ya girgije ya yi tsalle, na ce wa Yaya, “Ka gani ko? Ya ji iska.” Na kwanta ranar ina jin na yi aikin lada.

Kwana biyu bayan nan akwai suna a Lafani, gidan wani mai sayen takalma a wurin Yaya. An aiko masa da goro, shi da kansa, abin da ba a taɓa yi ba. Ya ce ba zai je ba, suna ba ya tashi da wuri, rana za ta same su a hanya. Ni ne na ce, “Ai yanzu ba shi da nauyi. Tahi abinka.” Ya tafi da asuba cikin farar rigarsa.

Ina bakin rijiya, rana ta kusa tsaka, wani mai raƙumi ya ce mini, “Ba wanka ba ne mai keken kare? Shina can kan hanya.” Na kora jaki ɗaya na ruga. A wani fili na same su, ba ko bishiya ɗaya. Yaya ya kwance karen, ya jawo shi ƙarƙashin keken, ya tuɓe farar rigarsa ya rufe gefen da rana ke shiga. Shi kuwa yana zaune bisa yashi mai zafi, baya tsirara, ya zazzage ruwan gorarsa duka a bakin karen. Na ɗaga rigar. Bayan karen ya yi jawur, ya tashi ƙuraje masu ruwa, inda ragama ta bi kuwa fatar ta saɓule. Numfashi yake kamar zai tsage. Na ɗora shi bisa keken na ɗaura wa jaki, na durƙusa Yaya ya hau bayana. Watanni ke nan rabon da in goya shi. Har muka iso gida ina jin zafin ƙirjinsa a bayana.

Inna ce ta tarbe mu. Ta dubi karen, ta dubi Yaya, ta ce, “Ku shigo da shi zaure, ya fi sanyi.” Ita ta kawo madara da hannunta.

Washegari wani Buzu ya zo karɓar kuben takobinsa, tsohon mai ciniki da Yaya ne, yana saukowa da gishiri duk shekara. Ya san karen. Ya tsaya a ƙofa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wa ya yi wannan aiki. Na ce ni ne, saboda zafi. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya kama gefen rawaninsa, ya ɗaga rigunansa ɗaya bayan ɗaya yana nuna mini, ya ce, “Kuna ganinmu cikin wannan kaya a tsakiyar rana, kun ɗauka sanyi muke ji? Wanda ya tuɓe a hamada ba ya kai yamma. Inuwarshi ka cire mishi.” Ya sa hannu a kwandon gashin ya ware mini iri biyu, dogo mai tsauri na sama da laushi na ƙasa. Ya ce na ƙasan nan shi ne ke fita da kansa in zafi ya zo, taje shi kawai ake yi a bar na sama. Sai a lokacin na tuna Bature a barandarsa kullum da yamma da wani mataji na ƙarfe. Sau nawa na wuce da jakuna ina cewa a raina dubi gayu, har kare ake yi wa kitso.

Mun yi abin da muka iya. Man shanu, ruwan sanyi daga randa, ganyen da Buzun ya ce a dafa a riƙa wanke ciwon. Yaya ya ajiye basilla da zare ya zauna da mafici yana korar ƙudaje. Ƙudajen suka fi ƙarfinmu, rana ta uku ciwon ya fara wari, ya daina karɓar madara. Duk da haka in an kira sallar asuba sai ya ɗaga kai ya dubi inda ragamar ke rataye, ya yi ƙoƙarin miƙewa. Wannan ne abin da na kasa kallo, nakan fita waje. Rana ta biyar da hantsi ya mutu, kansa bisa cinyar Yaya.

Na haƙa masa rami a kangon. Wani ya leƙo ta danga ya ce yau ga kare da kabari, saura a yi masa sadakar uku. Da ba a riƙe ni ba da na fasa masa kai da magirbi. Da na dawo zaure na durƙusa gaban Yaya, kuka ya ci ƙarfina, na ce, “Ni na kashe shi. Ka zage ni, ka yi mini wani abu.” Ya ce, “Ni na riƙe kanshi.” Iyakar abin da ya taɓa faɗa a kan maganar ke nan har ya bar duniya.

Ban haƙura ba. Na karɓo karnuka biyu wurin maharba, aka sa musu ragama, ɗaya ya kwanta ya ƙi motsi, ɗaya ya juya yana cizon gorar. Na gwada jaki, amma keken ya yi ƙasa da yawa, kofato daidai fuskar mutum, harbi ɗaya ya tsaga katakon gaba. Na aika tambaya har Ƙonni ko wani Bafaranshe na da irin karen, aka ce ba a taɓa gani ba.

Da ruwan farko ya sauka muka yi shuka, gero ya fito. Wata asuba na gyara katakon, na shiga tsakanin gorar nan biyu da kaina, na ce, “Yaya, hau mu je ka ga gona. Na daidaita kunya bana.” Ya dube ni, ya ga yadda nake so, sai ya ja jiki ya hau. Na ja shi muka bi ta gaban masallaci, muka wuce maƙera, ina sauri don ya ji iska. Mutane na gaishe mu, suna ce mini sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Mun kusa bakin gari ya danna sandar tsayawa.

Ya ce, “Maida ni gida.”

Na ce, “Ban gaji ba, Yaya. Wallahi ko Lafani ne ina kai ka.”

Ya ce, “Na sani. Ka ji wa suke yi wa sannu? Da karen nan, ni ke tahiya. Wanga ɗaukata ake yi.”

Na juya keken. Ya sauka da kansa a ƙofar zaure, ya ja jiki ya koma bisa buzunsa, ya ɗauki basilla. Shekara goma sha tara ya ƙara a duniya, a zauren nan, bai sake wuce masallacin ƙofar gida ba.